Tutar da Ke Ƙarƙashin Buzun Kaka

Shekaranjiya jikata ta buɗe akwatin zannuwana za ta shanya su, sai ƙanshin kajiji ya taso ya cika ɗakin. Ita ta toshe hanci tana dariya, wai kayana warin tsufa suke yi. Ni kuwa sai na lalubi bakin gado na zauna. Wani ƙanshin biki yake tuna wa mutum, wani kuma uwarsa. Ni kajiji a jikin tsohon ƙyalle kunya yake tuna mini, kunyar wani abu da na yi da hannuna tun ban cika shekara goma sha ɗaya ba. Mai karatu, ka yi haƙuri da ni. Ban taɓa ba da labarin nan ba, don haka bakina bai saba da shi ba.

A wani ƙauye aka haife ni, a gefen fadama, tsakanin Wurno da Marnona. Turawa ne ke mulki a lokacin, amma mu yara labarinsu kawai muke ji, sai kuma hanyar mota da akan tara iyayenmu su share duk shekara. Babana manomi ne. Da damina yana tudu wajen gero da wake, da rani yana fadama yana ban ruwan albasa da jigo, ya dawo gida ƙafafunsa duk taɓo. Inna tana yin fura, ni nake kai talla gida-gida. Akwai baffana, ƙanin baba, da iyalinsa a ɗaya sashen. Sai kuma kaka, mahaifinsu, wanda ɗakinsa ke can ƙuryar gida kusa da rumbuna.

Idon kaka ya tafi tun kafin in yi wayo, matarsa kuma ta rasu, saboda haka hidimarsa ta faɗo kaina. Ni ke share masa ɗaki, ni ke cika masa buta, ni ke riƙe masa sanda zuwa zaure bayan la'asar ya zauna da tsofaffi 'yan'uwansa. Bai taɓa kirana da sunana ba. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In na kawo fura ya kurɓa sai ya ce, "Amarya, yau ma ruwa kinka ba angonki? Ina nonon yat tahi?" Ni kuma in murguɗa baki, ko da yake ba gani yake ba, in ce ni ba na auren tsoho marar haƙori. Ya ce in jira, ranar kasuwar Gwaranyo zai aika a sayo masa sababbi. Duk gidan ba wanda yake sakar wa fuska kamar ni. Na san haka, har ina yi wa 'ya'yan baffa yanga da shi.

A tsakiyar ɗakinsa akwai buzun da yake salla a kai. In ka ɗaga buzun ƙasa za ka gani kamar ko'ina, amma in ka share da hannu sai ka taɓa murfi. Ƙarƙashin murfin tukunya ce aka binne har wuya, cikinta kuma tuta ce a naɗe, an zuba mata kajiji saboda ƙwari. Kowa a gidan ya san da ita, kowa kuma ya san ba maganar waje ba ce. Bayan Nasara sun ci ƙasar nan an bi gidaje ana karɓe baka da kwari da takubba, abin da aka samu a ƙone ko a tafi da shi. Wasu da kansu suka zuba nasu a gulbi don tsoro. Kaka ya haƙa rami ya binne tasa, ya shimfiɗa buzu a kai, bai kuma sake canza ɗaki ba har ya koma ga Allah.

Sau ɗaya a shekara ake fito da ita. Idan damina ta ɗauke, an yanke gero, ƙasa ta fara bushewa, sai ya sa a tura ƙyauren gida da hantsi, a shimfiɗa sabuwar tabarma bayan ɗakinsa, a baza ta ta sha iska don kada danshi ya cinye ta. Baba da baffa su tsaya, mu yara a ce sai mun yi alwala kafin mu matso. Ba wata abar kallo ba ce, in gaya maka gaskiya. Farin saƙi ne irin na masaƙan ƙasarmu, an haɗa shi da ɗinkin hannu, ya yi ja-ja don tsufa, da wani rubutu daga sama da ya dushe. A tsakiyarta akwai huda uku, da wani babban tabo mai duhu kamar an tofa goro ya bushe. Kaka yakan durƙusa ya bi ta da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, a hankali, har ya iso wurin tabon. Nan yake tsayawa ya daɗe, bakinsa na motsi.

Ni ya ba labarinta, wata rana ina cire masa ƙaya a ƙafa. Ranar da Nasara suka iso Sakkwato, shi da wansa suna cikin mutanen yankinmu da suka tafi tarye su. Wan ne ke riƙe da tutar ƙauyukanmu, shi kuwa saurayi ne, ko gemu bai tsiro ba. Ya ce abin bai kai a dafa tuwo ba aka gama. Wansa ya faɗi a kan tutar. Shi kuma ya zare ta daga sandarta, ya ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga, ya ruga. Da abin ya lafa ya koma neman gawa bai samu ba, ba kuma wanda ya iya ce masa ga inda aka rufe shi.

"Ƙyalle niɗ ɗauka, nib bar mutum," in ji shi. "Shi ɗai yar rage man ga ɗan'uwana."

Ban gane nauyin maganar ba a lokacin. Na dai lura cewa in wasu sun tafi maƙabarta ziyarar nasu, kaka kan buzunsa yake zama.

A shekarar da nake ba ka labari, ana cikin dashen albasa, mota ta tsaya a bakin gari. Bature ne da tafintansa, ɗan aiken mai gari na nuna musu hanya har ƙofar gidanmu. Ranar na fara ganin Bature, ta hudar zana na leƙa shi. Na zaci da tsawa zai shigo. Sai ga wani dogo siriri, wuyansa jawur, ya cire hula, ya zauna kan tabarma yana ta fama da inda zai sa ƙafafunsa. An ce ta Raba da Tursa ya biyo, yana tattara sulke da tambura da tsofaffin littattafai.

Tafinta ya ce, "Baba, Bature na gaishe ka. Ya ce an hwaɗa mai kana da tuta ta mutanen dauri. Gwamnati na son ta aje irin waɗanga kaya wuri guda, cikin gilashi, inda gara ba ta kaiwa, jikoki su zo su gani."

Babana ya buɗe baki zai ce babu, kaka ya ɗaga masa hannu. Kaka ba ya ƙarya, ko da ta kuɓutar da wuya ce.

"Hwaɗa mai akwai ta," ya ce. "Kuma hwaɗa mai ban samu gawar wana ba, wagga ita ta kushewatai. Tambaye shi, can garinsu ana tone kushewa a ba baƙo?"

Kunnuwan Baturen suka ƙara ja. Ya ce a ba tsoho haƙuri, in wata rana ya sake shawara ya gaya wa mai gari. Ya sa hularsa ya tafi. Ranar tsofaffi suka yi ta shigowa suna yi wa kaka barka, wai ya mayar da Nasara hannu wofi. Ni kaina har kumbura ya yi, sai ka ce ni na yi maganar. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne asirin shekara da shekaru ya fita a zaure a gaban mutane. Kafin kwana biyu duk matan garin sun ji cewa tuta mai jinin shahidi tana gidanmu.

Da bazara ta shigo, sanƙarau ya sauka. Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Rijiyoyi suka ja baya, iska ta tsaya cik, ko tsuntsu ba ya motsi da rana. Yaro zai tashi da safe yana wasa, da azahar ya ce kansa, kafin wani lokaci wuya ya sandare. Maza suna zaure suna jin labari, ni kuwa da ƙwaryar furata babu ƙuryar da ba na shiga, don haka da idona nake gani. Na ga yaran da muke 'yar carafke tare a kwance, kai ya lanƙwashe baya, uwa na fifita da faifai tana kuka ba sauti.

Matar maƙerin garinmu ce ta fara. Na shiga da talla ta jawo ni ɗaki, ta nuna mini ɗanta na goye a kan tabarma, sannan ta durƙusa a gabana. Babbar mace, sa'ar innata, gwiwa biyu a ƙasa gaban yarinya.

"Ɗiyata, don Allah don Annabi, zare guda nika roƙo," ta ce. "Abin da yat taɓa jinin shahidi ba ya rasa albarka. Ba wanda za ya ji."

Na ce kaka zai kashe ni. Ta riƙe ƙafata. Washegari da la'asar na kai kaka zaure, na dawo kamar zan yi shara, na ɗauki tsohuwar rezar baba, na ɗaga buzu. Na yanko daga can gefen tutar, bai fi farcen babban yatsa ba. Ta ɗinke shi cikin 'yar fata ta rataya wa yaron a wuya. Bayan kwana uku yaro ya nemi nono.

Yanzu na san kwanansa ne ke gaba. Amma je ka gaya wa matan garinmu haka a wannan bazarar. Wadda ta rantse ba wanda zai ji, ita ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa maƙwabciya. Ko'ina na shiga sai a ja ni gefe. Matan Fulani masu kawo wa inna nono suka riƙa tare ni a hanyar rijiya. Wata ta aiko tun daga Kagara ta bakin 'yar'uwarta da ke aure a garinmu. Duk a tsakanin mata maganar take yawo, ba namijin da ya sani, innata kuma aka ɓoye mata don an san ba za ta yarda ba. Ni kuwa kullum la'asar ina ɗakin kaka da reza.

Wasu yaran da aka rataya wa sun tashi, wasu sun mutu da abin a wuyansu. Ka zaci wannan zai sa a bari. Ina! Sai mata suka zauna suka gano dalili: waɗanda suka mutu gefe aka yanko musu, gefe kuwa jini bai taɓa shi ba. Maganin yana tsakiya, wurin tabon. Ranar da na fara warware tutar har tsakiya na sa mata reza, na san abin da nake yankawa. Kaka ya gaya mini da bakinsa. Na ce a raina ɗan kaɗan ne, tabon babba ne, kuma ai rai ake nema.

Da a nan na tsaya, da ina da abin da zan kare kaina da shi. Amma bari in faɗi abin da ya fi ci mini rai. Na ji daɗi. Ni da ake kora daga ƙofa a ce yau ba a shan fura, sai ga shi ana shimfiɗa mini tabarma, ana ce mini 'yar gidan albarka. A ajiye mini ƙanzo, a ajiye mini nakiya. Furata ba ta kaiwa azahar. Manyan mata suna rage murya in za su yi mini magana. Ruwan farko ya sauka, ciwon ya ɗauke kamar yadda ya saba, amma ni ban ajiye reza ba. Na yanka wa mai naƙuda. Na yanka wa wadda mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Har wadda akuyarta ta ɓata na yanka wa, Allah ya yafe mini. Na ƙarshe kuma mafi girma, kusan tafin hannuna daga tsakiyar tabon, matar wani falke na ba, wadda duk 'ya'yanta lafiyarsu ƙalau, ta ce ajiyewa za ta yi saboda wata rana. Ta sa mini munduwa biyu na farin ƙarfe a hannu. Na ce wa inna ƙawata ce ta ara mini.

Sai da na je mayar da tutar ran nan na ga ta ƙi naɗuwa yadda take yi, ta zama sakwaf a hannuna, sannan tsoro ya kama ni. Na tura ta cikin tukunya na rufe, ban sake ɗaga buzun ba. Duk daminar nan a tsorace na yi ta. Mutane na murna gero ya yi kyau, ni ina kallonsa yana fitar da kai gabana na faɗuwa. Ina jin ni kaɗai ce a ƙasar Wurno da ta yi fatan kada gero ya nuna. Kaka kuwa kullum yana kan buzunsa, goshinsa daidai kan murfin tukunyar, yana tsokanata da zancen haƙoran Gwaranyo. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai ya ce amarya, sai in haɗiye.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbuna. Wata safiya ya ce a tura ƙyaure.

Baffa ne ya ɗauko tutar. Da ya fara warwarewa a kan tabarma na ga hannunsa ya tsaya, ya dubi baba, baba ya dube shi. Kaka ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa kamar kullum. Tun daga bakin ya ji gefen ya zama haƙora-haƙora, ya ɗan dakata, ya ci gaba. Yatsunsa suna shiga rami suna taɓa tabarma, su fito, su sake shiga wani. Da ya iso tsakiya, inda yakan tsaya, hannunsa gaba ɗaya ya sauka kan tabarma. Ya lalubi dama, ya lalubi hagu. Na ga tsohon nan yana neman wansa da hannu biyu a kan tabarmar kaba.

"Ɓera na, Baba," in ji baffa. "Ko gara."

Kaka ya kama bakin wani ramin ya murza tsakanin yatsunsa.

"Gara ba ta yanka miƙe," ya ce.

Sai na fashe da kuka na faɗi. Na faɗi matar maƙeri, na faɗi yaran da wuyansu ya sandare, na faɗi yadda ake durƙusa mini. Zancen akuya da matar falke kuwa na bar shi a cikina. Baba ya fizgo igiyar guga ya yo kaina.

"Kak ka taɓa ta," in ji kaka, ko ɗaga murya bai yi ba. Ya juyo da fuskarsa wajen kukana. "Yaran sun tashi?"

Na ce wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba.

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo hannu, na zaci lallashina zai yi, na ba shi nawa. Sai ya bi tsintsiyar hannuna da yatsa har ya taɓa mundayen nan, waɗanda ya yi wata da watanni yana jin ƙararsu in na kawo masa fura. Ya juya su sau ɗaya.

"Waɗanga ma maganin sanƙarau na?"

Da dukan baba aka bar ni da shi, da ya fi mini sauƙi. Ya saki hannuna, ya ce wa baba ya je wurin mai gari, a aika wa Bature ya zo ya ɗauka. Baba ya durƙusa yana roƙo, yana cewa me mutane za su ce bayan maganar da aka yi a zaure.

"Tun ina samrayi nika tsaronta ga maƙiyi," in ji kaka. "Ban iya tsaronta ga na gida, ba ni da ido. In ta ƙara shekara guda nan, ko zare ba a iskewa."

Tafintan ne ya zo shi kaɗai bayan 'yan makonni. Aka naɗe abin da ya rage cikin wani zane aka miƙa masa a zaure, kaka bai fito ba. Babana, don ya rufa wa gidanmu asiri, ya ce wa mutane Bature ne ya aiko da ƙarfin gwamnati aka ƙwace. Maza suka yarda, suka yi ta Allah wadai. Matan da suka san gaskiya, waɗanda 'ya'yansu ke yawo da guntayenta a wuya, ko ɗaya ba ta tako gidanmu ba, kuma tabarmar da ake shimfiɗa mini aka naɗe ta. Na jefa mundayen a rijiyar fadama, kamar wannan zai gyara wani abu.

Kaka ya sa aka ciro tukunyar aka cike ramin. Na ci gaba da yi masa shara da kai masa fura, bai taɓa yi mini gori ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. Abu ɗaya ne ya canza. Daga ranar da sunana yake kirana, kamar kowa. Ya yi shekara biyu bayan haka. Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani na durƙusa na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun ranar, in daina kuka. Da sunana ya faɗa.

Turawa suka tafi, na yi aure, na haifa, na aurar. Labarin ƙwacen tuta ya zama labarin gidanmu, 'ya'yana da shi suka tashi, ni kuma ban gyara musu ba. Waɗanda suka san gaskiya duk sun riga ni. Yau ƙauyen ma ba kowa. 'Yan bindiga sun tashe shi, kamar yadda suka tashi wasu a wajen Raba da Gwaranyo, mutanenmu sun watsu cikin birane. Mai gudun ceton rai yaro yake ɗauka da tukunyar girki. An ce mini littattafan limamin garinmu, waɗanda kakanninsa suka rubuta da hannu, suna nan cikin ɗakin da rufinsa ya rufta, damina biyu ta bi ta kansu. In na ji ana cewa baƙi ne suka raba mu da kayan iyayenmu, nakan yi shiru. Sun ɗiba, ba ƙarya ba ne. Amma ni na san aƙalla abu ɗaya da ya tsira daga bindigarsu, bai tsira daga 'yan gida ba.

Bara babban ɗana ya kai ni birni a duba mini ido. Da muka fito daga wurin likita ya ce yana da abin da zai nuna mini, ya yi ta bincike har ya gano inda take. Gidan ajiye kayan tarihi ya kai ni. Ban so shiga ba, amma me zan ce masa? Gidan da aka ce gara ba ta kaiwa, ga bokitai an jera a ƙasa saboda yoyo, ga warin jemage, ga sulke ya yi tsatsa a jikin bango. Babu wuta. Wani dattijo ma'aikacin wurin da fitilar wayarsa yake haska wa mutane, muna tare da wasu baƙi da 'yan makaranta. Ya tsaya gaban wani akwatin gilashi da ya tsage, an liƙe tsagar da takarda, ya haska.

Idona bai da kyau, amma na gane ta. Na gane kowane yanka. Na ga na matar maƙeri a can gefe, ƙarami. Na ga na matar falke.

"Ku diba da kyau," in ji dattijon. "Wagga tuta ta ga yaƙi. Duk ramun ga da kuka gani harsashin Nasara na. Ku dibi tsakiya yadda anka yi kaca-kaca da ita, amma mutanenmu ba su sake ta ba."

'Yan makaranta suka matso suna ɗaukar hoto. Wata mata ta share hawaye da bakin mayafi. Ɗana, wanda furfura ta cika masa gemu, ya dafa kafaɗata ya ce wa mutane wannan tutar gidanmu ce, ga jikar mai ita nan tsaye. Duk suka juyo suna gaishe ni, wasu har da rusunawa, irin gaisuwar da aka yi mini a waccan bazarar. Nan ne ya kamata in yi magana. Ba mai duka, ba mai zagi, tsohuwa ce, kowa zai saurara. Bakina ya yi nauyi.

Sai ɗana ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah shi isa tsakaninmu da wanda duk yay yi mata wanga aiki, duniya da lahira."

Duk ɗakin aka ce amin. Ya dube ni yana jira. Na ce amin.